Yatsu Biyun da Na Bari a Kan Dutsen Ƙanƙara

Gashua, ranar Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum Yagana, uwata ta kaina.

Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin sauka ƙasar Kanada lami lafiya, kin kuma sami ɗakin da makaranta ta ce za ta ba ki. Allah ya tsare ki a sama da ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki gama karatun nan da albarka. Na cusa takardar a tsakanin takardun makarantarki ne, don na san in na miƙa miki hannu da hannu a gabana za ki buɗe, ni kuma ba zan iya zama ina kallonki kina karanta tonon asirina ba.

Mako biyu da suka wuce kin zo kin tsuguna gefen tabarmata, kika nuna mini hoto a waya. Ɗaliban makarantarku ne a kan dutse, ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara, kowa ya ɗaura wani abu kamar faifai a ƙarƙashin takalminsa. Kika ce in sanyi ya shigo duk Asabar suke fita, kina so ki riƙa bin su, kina neman izinina. Mamanki tana daga madafa ta ɗaga murya ta ce ba da yawunta ba. Ni na ce za mu gani. Kika ce "to, Baba," kika tashi, ba ki sake tayar da maganar ba. Amsar ce zan ba ki yanzu, amma sai kin yi haƙuri kin ji abin da ya sa mamanki ta ƙi.

Kin san yatsu biyun nan da babu a ƙafata ta hagu. Tun kuna yara nake ce muku injin ban ruwa ne ya faɗo mini a fadamar Nguru. Allah ya yafe mini, ƙarya nake yi. Injin nan bai taɓa yi mini laifin komai ba, shekara talatin ina ɗora masa sharri. A ƙasar da kike ciki yanzu na bar su, a kan dutse, rana ɗaya tak, kuma wautata ce ta jawo. Mamanki ta sani, don ita ta yi jinyar abin da ya rage bayan na dawo.

Lokacin ina matashin ma'aikaci a ofishin ruwa na Nguru, aikina auna kogi, aka tura ni can Kanada kwas na wata shida. Mu biyu ne masu jin Hausa a ajin, ni da wani Mamman Sani ɗan Damagaram, dogo, mai surutun tsiya. Malaminmu wani dattijo ne, Mista Harold, ya haura saba'in, gemunsa fari tas. Wata rana ya ce ruwan kogunansu daga ƙanƙarar kan duwatsu yake narkowa, saboda haka duk mai so ya zo ranar Asabar ya kai shi ya ga inda ruwan yake kwana. Ni da Mamman Sani muka riga kowa ɗaga hannu.

Kuskurena na farko tun a ɗaki na tafka shi. Dattijon ya ba mu takarda ya rubuta irin kayan da za mu sa, na karanta na ajiye. A ganina wa zai koya mini sanyi? Ni da nake shiga ruwan fadama da asuba a tsakiyar sanyi in karanta ma'auni? Na ɗauko duk abin da na mallaka na jibga: singileti biyu, rigar shadda, rigar sanyin da na saya a kasuwar Nguru, sannan ƙatuwar rigar da aka ara mini. Na fito kamar buhun gero, hannuwana ba sa sauka. Ba mu yi minti ashirin muna hawa ba na jiƙe sharkaf da gumi. Da muka tsaya hutawa kuwa, singiletin nan ya zama kamar an tsamo shi daga randa an manna mini a baya. Haƙorana suka fara kaɗawa, Mamman Sani yana tambayata ko wuridi nake yi.

To ki ji. A can gumi shi ne abokin gaba, ya fi iskar mugunta. Kada ki sa auduga a jikin fatarki, ko atamfa ko shadda, don in ta jiƙe ba ta bushewa. Ki nemi irin nasu na ulu ko na roba, ki sa su hawa-hawa yadda za ki iya cire ɗaya in kin ji zafi, ki mayar in kin tsaya. Ki fara tafiya kina ɗan jin sanyi, jiki zai ɗume a hanya. Hijabinki ma ki samo gajere mai kauri wanda ba zai ja ƙasa ya kwaso ƙanƙara ba. Dabinon da na san Goggonki ta Nguru za ta cika miki jaka da shi, in za ki fita ki sa shi a aljihun ciki. Nawa a aljihun waje na bar shi, da na kai baki sai na ji kamar tsakuwa na ciza.

A gindin dutsen aka ɗaura mana faya-fayan nan. Amfaninsu su baje nauyin mutum kada ya nutse, don ƙanƙarar wani wurin ta kai ƙugu. Tafiya da su sai an buɗa ƙafa, kamar wanda aka yi wa kaciya. Muna cikin haka na hango wasu layuka biyu a gefen hanya, a miƙe sumul, an gyara su kamar layin dogon Nguru. Na ce wa Mamman Sani, "Ka ga mutanen nan da tsari, har sun shata mana inda za mu taka." Muka hau kai muka dinga kirɓawa, muna jin daɗin yadda wurin yake da tauri.

Ashe hanyar masu zamiya ce, waɗanda suke ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna sulalowa. Ba mu ankara ba sai ga wata tsohuwa ta gangaro a guje, katakonta ya faɗa ramin da muka yi, ta yi zaman dirshan a gabanmu. Na ruga zan ɗaga ta, faifaina ya harɗe, ni ma na kife kusa da ita. Ta tashi ta karkaɗe jikinta, ta dube mu sama da ƙasa. Ba ta zage mu ba, da ma ta zage mu da ya fi sauƙi. Ta nuna layukan da sandarta ta ce, "Wannan nawa ne." Ta nuna gefe ta ce, "Wancan naku ne." Ta wuce abinta. Mamman Sani ya ce, "Malam Bukar, yau mun taka shukar mutane." Gaskiyarsa kuwa, don daidai yake da ka bi ta tsakiyar kunyar gonar wani da shanu.

Saboda haka in kin ga layin masu zamiya, ki bi gefensa. In dole sai kin tsallaka, ki ɗaga ƙafa ki tsallake, kada ki taka. Kada kuma ki cire faifan ki bi hanyar da aka riga aka daddale da takalmi zalla, za ki bar ramuka masu karya ƙafar na baya. In za ki huta ko ki ɗauki hoton nan naku da ba ya ƙarewa, ki koma gefe. Mai hawowa shi ake ba hanya don shi ne a cikin wahala, mai sulalowa a kan katako kuma ki kauce masa don ba shi da birki. Gaisuwa ma a taƙaice. Ni har tsayawa nake a tsakiyar hanya ina tambayar mutane gida da iyali, layi ya taru a bayana.

Yanzu ga babban. Da muka bar hanyar jama'a muka shiga inda babu sawun kowa, ƙanƙara sabuwa ce mai laushi. Mista Harold ya shiga gaba, mu shida muka jeru a bayansa. Bayan ɗan lokaci ya koma gefe ya tsaya, ya dube ni, don ni ne na biyu. Ni ma na tsaya. Ya yi mini nuni da hannu in wuce. Na ɗan rusuna na ce, "A'a, ranka ya daɗe, bismillah." Kin san yadda aka tashe mu. A gidan kakanki, yaro ya shiga gaban babba a hanya ai sai ya sha rankwashi. Mamman Sani ma ya ce mini da Hausa, "Kada ka yarda, gwada tarbiyyarmu yake." Sauran ɗaliban suna can baya, hanyar siririya ce, mu biyu mun toshe ta. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba.

Sau uku ana haka. Yana tsayawa, ina rusunawa. Har ina jin kaina, ina cewa yau na nuna wa Turawa ladabin mutanen Yobe. A na huɗun ya zauna a kan jakarsa yana haki, fuskarsa ta yi jawur, gemunsa duk ƙanƙara. Ya ce, "Bukar, na yi maka wani laifi ne?"

Na ce, "Subhanallahi, wane irin laifi?"

Ya ce, "To me ya sa kake so ka kashe ni?"

Sannan ya yi mini bayani. Wanda yake gaba shi yake fasa ƙanƙara, kowane taku sai ya nutse ya zaro ƙafa ya danne, na baya kuwa a kan shimfiɗa suke tafiya. Shi ya sa ake karɓa-karɓa: ka yi gaba na ɗan lokaci, ka koma gefe, kowa ya wuce, ka bi a ƙarshe ka huta. Wato awa guda cur na sa tsoho ɗan saba'in yana yi mini sharar hanya, ni ƙato ina biye ina rusuna masa. Na faɗa masa dalilinmu. Ya yi dariya har da tari, ya ce al'adar tana da kyau, amma a bar ta a gindin dutse. Wallahi Yagana, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ki riƙe wannan da kyau, don na san ki da kawaici. A can shiga gaba aiki ne, ba girma ba ne. In layi ya zo kanki, ki wuce, ko shugaban makarantar ne a gabanki. In kin ga babba ya daɗe a gaba, ki ce ya kawo ki karɓa, wannan shi ne ladabin wurin. In kuma kin gaji, ki koma gefe ki ba na baya. Wannan rabin na ƙarshe shi ne ban ji ba, ko in ce na ji na ƙi.

Don kuwa da na karɓi gaba, na rantse a raina ba zan sake ta ba sai na wanke kunyata. Na dinga fasa ƙanƙara kamar ana biyana. Mamman Sani yana cewa in kawo, ina cewa ban gaji ba. Ƙanƙara ta riƙa shiga ta saman takalmina tana narkewa, ko a jikina. Da muka tsaya cin abinci lokacin azahar ya yi. Mamman Sani ya ce shi da alwalarsa tun daga gida, ya share wuri ya tayar da salla. Ni tawa ta karye tun a mota. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai iyayi ya motsa. Na cire takalmi, na cire safa, na tsiyayi ruwan gora na wanke ƙafa tas a cikin iskar nan, na mayar da jiƙaƙƙiyar safar. Da na dawo gida na ba wa limaminmu labari, sai da ya riƙe baki. Ya ce addini bai ce in halaka kaina ba, akwai sauƙin da aka yi wa mai irin wannan lalura, ni ne ban tambaya ba. Ke ki tambaya. Kafin fitarki ta farko ki sami malami a masallacin garin, su da suke zaune cikin sanyin, ya yi miki bayanin shafa da taimama. Ki fita da alwalarki, ki kuma riƙe busasshiyar safa a jaka.

Bayan salla ƙafar ta fara zafi kamar ana soka mini allura. Na yi shiru. Can zafin ya tafi, na ce alhamdulillahi, ta warke. Ashe tafiyar zafin ita ce mugun labari. Na riƙa jin kamar dungun itace nake jefawa. Sau biyu Mista Harold yana tambayar kowa, "Yatsu fa? Hannu da ƙafa, kowa yana jin nasa?" Sau biyu ina cewa, "Lafiya lau." Ina tunanin yanzu na gama ba mutane kunya, in kuma zo in ce a juya saboda ni? Ai sai a ce ɗan Najeriya rago ne. Kuma saman dutsen ga shi nan muna hangowa.

Mamman Sani ne ya tona ni, Allah ya saka masa. Ya ga ina tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe, ya ce, "Malam Bukar, tafiyar nan taka ba ta Allah ba ce." Na ce ya rufa mini asiri. Ya ce, "Asirin me? Ni zan kai ka gida a kafaɗa?" Ya ƙwala wa dattijon kira.

Da aka cire takalmin, yatsun sun yi fari, sun yi tauri kamar kyandir. Na kai hannu zan murza, Mista Harold ya buge hannun, ya ce ba a murzawa, ba a kuma kai su kusa da wuta. Sai ya zauna a gabana, ya ɗaga rigunansa, ya ɗauki ƙafata ya manna a kan tumbinsa, ya rufe. Ki duba fa, mutumin da na ƙi shiga gabansa don girmamawa, yau ga ƙafata a cikinsa. Na ce ya bari don Allah. Ya ce in rufe baki. Ya ce, "Da ka faɗa tun da ta fara zafi, da safa kawai za mu canja, mu ci gaba." Daga nan aka juya, ba wanda ya kai saman, aka wuce da ni asibiti. Yatsu uku suka dawo, biyu suka ƙi.

Abin da ya ba ni mamaki, babu ɗaya cikin ɗaliban nan da ya ɓata rai don an juya. Abin da ya ɓata musu rai shirun da na yi. Wata a cikinsu ta zo duba ni ta ce, mai ɓoye ciwo a kan dutse kowa yake jefawa cikin haɗari, don in ya faɗi su za su ɗauke shi, ga rana tana saurin faɗuwa a lokacin sanyi. 

Sauran ƙananan abubuwa za su koya miki: duba yanayin sama kafin fita, sa baƙin tabarau don hasken yana kashe ido, ajiye waya a jikinki don sanyi yana shanye mata caji, shan ruwa ko ba kya jin ƙishi, da barin wuraren da aka ce ƙanƙara tana zaftarowa. Kada ki fita ke kaɗai, kada ki bi wanda ba ya son a juya. Duk waɗannan ba su dame ni ba, kina da kai, kin fi ni nesa ba kusa ba.

Abin da ya dame ni halina da kika ɗauko. Kina aji uku kika taka ƙaya a hanyar islamiyya, kika kwana huɗu kina ɗingishi a ɓoye sai da ƙafar ta kumbura, wai kada ki dame mu. Ranar da aka yi bikin yayarki a Dapchi kina fama da zazzaɓi kika wuni kina rabon abinci, sai da kika zube muka sani. Kowa yana yabonki, Yagana mai haƙuri, Yagana ba ta ƙorafi. Ni in na ji sai gabana ya faɗi, don na san inda irin wannan haƙurin yake kai mutum.

To ga amsata. Na yarda ki je. Ki hau dutsen, ki kai saman da ban kai ba, ki turo hoto in nuna a majalisa in yi ta cika baki. Mamanki ki bar ni da ita, mun yi magana, ta ce in kika dawo da yatsa tara ni za ta kama. Wurin yana da kyau, ban taɓa ganin abu mai kyau da shiru irinsa ba, kuma duk da abin da ya faru ban yi nadamar ganinsa ba. Amma da sharaɗi ɗaya, kuma ba na wasa ba ne. Duk lokacin da aka tambaye ki, ki faɗi gaskiyar jikinki. In ba a tambaya ba ma ki faɗa. "Ina jin sanyi." "Na gaji." "Ba na jin yatsuna." Ki faɗa da ƙarfi, ko mutum ashirin za su juya saboda ke. In kin san ba za ki iya buɗe baki ki faɗi haka ba, to ban yarda ba, ki zauna a ɗaki ki sha shayi. Ba kuma a kan dutse kaɗai ba. In karatu ya yi nauyi, in kewa ta dame ki, in wani ya ɓata miki, ki kira ki faɗa. Kada ki ce mana "lafiya lau" alhali ba lafiya.

Na san za ki ce Baba yana faɗa ne kawai, shi ma ai haka yake. Gaskiyarki. Tun da takardar makarantar nan ta zo, duk wanda ya tambaye ni yaya zan yi in kin tafi, cewa nake ba komai, ai karatu ne. Ke ma kin tambaye ni shekaranjiya kina ninke kaya, na ce ba komai. To tunda na kafa miki sharaɗi, bari in fara cika shi. Akwai komai. Tafiyarki tana yi mini ciwo, Yagana, sosai, tun ba ki tafi ba. Ina murna, ina alfahari da ke, kuma ina jin ciwo, duka a lokaci ɗaya. Ga shi na faɗa, ban kuma mutu ba. Saura ke.

Allah ya tsare mini ke daga sanyi da zafi, daga sharrin hanya da na mutane. Allah ya sa ki hau lafiya ki sauko lafiya, ya dawo mana da ke gida cikakkiya, da iliminki da imaninki. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Babanki,
Bukar